Fiffiken da Na Yanke

Kwana tara kogin ya yi a ɓace. Ruwan sama mai ɗumi ne ya sauka kan dusar ƙanƙarar duwatsu a ƙarshen Fabrairu, ta narke gaba ɗaya, ta gangaro mana da jar laka da gungumen itace, har da ƙofar shingen wani bawan Allah. Kwana taran nan mijina Arvid ya yi su tsakanin taga da tukunyar kofi, yana mita ina sauraro. Shekararmu arba'in da ɗaya da aure, amma har yau ban iya zama da shi a gida ba idan kogi ya ɓaci. Komai laifi ne: miya ta yi gishiri, kare ya cika haushi, ni kuma na cika jan takalmi.

Kowace safiya sai ya miƙo mini waya. "Lorna, duba mana ma'aunin ruwa. Tabarauna yana mota."

Tabarau yana aljihun rigarsa, ina hango shi. Sai in karanta masa lambar in ja bakina in yi shiru.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da idon Arvid ya fara tafiya. Tsakiyar ganin ce ta dushe, gefe-gefe ne ya rage masa. Bai taɓa faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Na gane ne ranar da na ga ya yi minti biyar yana neman ramin ƙugiya da bakin zare, mutumin da a da yake ɗaurawa yana kallon wani wuri yana zuba labari. Aikinsa kuwa na ido ne. Shekara talatin da shida yana ɗaukar baƙi a kwalekwale, mutanen birni masu son kama wani babban kifi da ake kira sitilhed da ƙugiyar gashin tsuntsu, yana ratsawa da su tsakanin duwatsu da gungume. Ranar da aka ji Arvid Koskela ba ya gani, ranar aikin ya ƙare. Na kuma san mijina, in aka raba shi da kogin nan gangar jiki kawai za a bar mini a kujera.

Don haka na zama idonsa ba tare da mun yi shawara ba. Na ajiye aikina na gidan waya, na ce zan riƙa binsa ina dafa wa baƙi abincin rana. Ni nake ɗaura ƙugiyoyi tun da safe, wai kada hannuna ya yi zaman banza. A cikin kwalekwale kuwa bakina ba ya hutawa. "Kai, dubi gungumen can na hagu, makon jiya babu shi." "Dutsen tsakiya ya fito da kai yau." Baƙi su yi ta dariya suna cewa matar Arvid akwai surutu. Shi kuma ya ce, "Shekara arba'in ina neman inda ake rage mata murya, ban samu ba," ya karkatar da kwalekwalen dama.

Ranar Laraba sanyi ya dawo, duwatsu suka daina zubo ruwa, kogin ya fara sauka. Safiyar Alhamis da muka tsaya kan gada ya koma kore, irin koren da in ka shiga zuwa gwiwa kana hango takalminka dishi-dishi. Mutanen garin nan in suka ga wannan launi, ko ɗaurin aure ne sai sun nemi uzuri.

"Ranar Asabar ina da baƙi biyu, wa da ƙane daga birnin Tacoma," in ji Arvid. "Ambaliya ta sauya kogin. Gara mu bi shi yau mu ga inda ta zube kayanta."

Mu ga. Na ce to.

Da hantsi muka tura kwalekwale. Sanyi ne irin mai shiga haƙora. Igiyar anga ta sandare, ruwa yana daskarewa a zobban sandar kamun, sai an tsoma ta a kogi ya narke. A wannan lokaci na shekara kifi ba ya gaggawa. Yana lafewa ƙasa inda ruwa ke tafiya a hankali, sai ka kai masa ƙugiya har bakin hanci, kuma kana iya mako guda kana jifa bai kula ka ba. Arvid ya sauka a gurbi biyu, wuraren da kifi ke lafewa, bai ji ko taɓi ba. Ya jefa igiya, ya bar ruwa ya zagayo da ita, ya yi taku biyu ƙasa, ya sake jefawa. Wannan ba ya bukatar ido, hannunsa ya haddace tuntuni. In na zauna ina kallonsa a haka sai in manta da komai, in ga saurayin da na aura.

Na uku shi ne Gurbin Bazawara, mai doguwar tsakuwa a gefe. Muka jefa anga a samansa, ya shiga ruwa ya fara gangarawa. Ƙa'ida ita ce in bi shi a baya da raga. In kifi ya zo hannu ni nake tare shi, in ɗaga murya kamar murna ce, in ce, "'Yar kogi ce!" ko "'Yar kiwo ce!" kafin a jira shi ya duba. Bambancin ɗan fiffike ne a gadon baya kusa da wutsiya, bai kai kan ɗan yatsa ba. A gidan kiwo suna yanke shi tun kifin yana ƙarami, wurin ya warke ya bar tabo sumul. 'Yar kiwo ka kai gida. 'Yar kogi, wadda aka haifa a tsakuwar nan mai fiffikenta, ko ɗaga ta daga ruwa ba a yi, a zare ƙugiya a sake ta. Bayan na faɗa, Arvid yakan shafa wurin da babban yatsa ya gyaɗa kai, baƙi su ɗauka ƙwarewa ce.

Ranar nan ban bi shi ba. Sanyi ya sa mini kasala, na ce bari in kunna ɗan risho in ɗora kofi tukuna, ai kifi ba zai zo a minti goma ba. Laifina ne, ba na neman mai raba ni da shi.

Ruwan bai tafasa ba na ji ihunsa. Na ɗago na ga sandar ta lanƙwashe, can ƙasa kuma kifi ya yi tsalle, fari fat, ya faɗa da ƙara. Na fizgi raga na ruga, in dai abin da mace mai shekara sittin da huɗu take yi cikin wandon roba a kan tsakuwa mai ƙanƙara za a kira shi gudu. Kifin ya nufi ƙasa, Arvid yana binsa, suka sha kwana. Ni kuma na tarar ambaliya ta yanka sabuwar hanyar ruwa a tsakiyar tsakuwar, mai zurfi, mai ƙarfi. Shi dogo ne ya ratsa, ni da na saka ƙafa sai na ji za ta kwashe ni. Dole na koma sama na zagaya ta kan wani gungume, ina rarrafe ina zagi.

"Arvid! Jira ni! Kada ka taɓa ta!"

Ƙarar ruwa ta cinye maganar. Ina saukowa daga gungumen na ji ɗan kulkinsa na kashe kifi, ƙwas, ƙwas, sau biyu.

Na same shi durƙushe a bakin ruwa yana dariya, irin dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya cire safar hannu, yatsunsa sun yi fari kamar kitse.

"'Yar kiwo ce, Lorna! A watan Maris! Makararriya, ta zo za ta cusa ƙwanta cikin na kogi. Na shafa, sumul. Ina kika tsaya, tsohuwa? Ni kaɗai na kama wutsiyarta, ba raga ba komai."

Mace ce, doguwa, cikinta cike, da ganinta ba ta fi kwana biyu da baro teku ba. Fiffiken yana nan. Ƙarami ne, ya kwanta luf a bayanta, amma yana nan. Hannun da ya yi minti ashirin cikin ruwan ƙanƙara ko ƙusa ya shafa ba zai ji ba.

Arvid yana cikin waɗanda suka yi shekaru suna zarya zuwa taro don a kafa dokar sakin 'yar kogi. Ya ɓata da abokai a kanta. Akwai mutumin da muka yi makaranta tare da har ya mutu bai sake gaishe mu ba. Ga shi yau durƙushe a kan wadda ya kashe, yana jiran in yaba masa.

"Kai, ta yi kyau," na ce. "Kawo in zubar mata da jini. Je ka ɗumama hannun nan kafin ya guntule, kofi yana kan wuta."

Ya tafi yana fito. Na juya masa baya, na zaro wuƙa na yanka wuyan kifin, jini ya bi ruwa. Sannan na kama ɗan fiffiken na sare shi daidai da fata, na sake shi kogi ya tafi da shi.

Ba zan ce na yi tunani ba. Na san sarai Corinne, ma'aikaciyar da ke ƙidayar kifi, tana jira a mafita, inda ake fitar da kwalekwale daga ruwa, kuma sabon yanka ba zai ruɗe ta ba ko daga nesa. Na ce a raina in mun kai Maƙogwaro, inda ruwa ke hauka, sai kifin ya suɓuce ya faɗa, in sha faɗa a wuce wurin. Abin da nake so kawai shi ne kada Arvid ya sani. Tausayinsa ya rufe mini ido, ni da nake taƙama ni ce mai gani.

A kwalekwale ya zauna ya rungume kofin kofi da hannu biyu, yana cije leɓe saboda zogin jini da ke komawa yatsu. Ya ci burodi da nama, ya ba ni labarin kokawar tun daga farko kamar ba na wurin. Na yi ta cewa i, ina ƙoƙarin tura kifin ƙarƙashin rigunan ruwa.

"Miƙo ta nan in ƙara ganinta."

"Bar ta mana, za ta ɓata maka wando."

"Wandon roba? Ke dai miƙo."

Na miƙa. Ya ɗora ta a cinya yana shafa ta daga kai zuwa ƙasa, babban yatsansa ya tafi inda ya saba zuwa. Ya tsaya. Ya koma baya ya sake shafawa. Sai ya ɗaga yatsan ya murza shi da ɗan'uwansa, ya kai hanci.

Ruwa yana ta bugun cikin kwalekwale. Ni dai ina kallon risho.

"Tabo ba ya jini, Lorna."

Ya juyo wajena.

"Yana nan lokacin da na buge ta?"

"Yana nan."

"Kin gani?"

"Ina isowa na gan shi."

Ya sunkuyar da kai. Ya sa tafin hannu a cikinta ya ɗan danna, ya ji ƙwan.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kakar waccan shekarar. Ranar da ka kasa zura zare."

"Gungumen da kike ta ambata fa? Da duwatsun?"

"To da me ka ɗauka? Sha'awar gungume nake yi?"

"Na ɗauka tsufa ne ya buɗe miki baki." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ashe jagora nake da ita. Shekara ɗaya da rabi ana jana kamar akuya ban sani ba."

"Ka sani mana, Arvid. Wa yake ce mini tabarau yana mota?"

Ya san gaskiya ce. Na matso na dafa gwiwarsa, na ce mu jefa ta kogi, babu wanda ya gani, ta riga ta mutu, ɗaukarta zuwa mafita ba zai dawo da ita ba.

"A'a. Corinne tana ƙidaya, da ƙidayarta ake sanin ko za a rufe kogi ko za a bari. Shekara nawa ina zagin masu ɓoyewa? Za a rubuta ta."

"Da wannan yankan? Ka san masu yin haka. Ɓarayi ne suke sare fiffike su ce 'yar kiwo ce. Ni na yanke, ni zan faɗa."

"In kin faɗa za ta tambaye ki dalili."

"Sai in faɗi dalili."

Ya ɗago ya kalle ni, irin kallon da yake yi yanzu, fuska a ɗan karkace don ya same ni ta gefen ido.

"Ni na kashe, ni na yanke. Haka za a ce. Ɓarawo a ci shi tara, a karɓe masa lasisi shekara biyu, ya dawo kogi. Makaho ba ya dawowa."

"Sunanka fa? Merle da mutanensa, da kuka ɓata a kan dokar nan, su samu abin yi da kai har ka mutu?"

"Su yi. Kafin takarda ta fito ma na gama da baƙin bana." Ya ajiye kifin a akwati ya rufe, ya koma kujerar tuƙi ya kama filafilai. "Kuma daga nan zuwa mafita kada in ji bakinki. Ko uffan. Shekara talatin da shida ina bin ruwan nan, ban fara da ke ba."

Maganar ta yi mini zafi, har na ji hawaye. Na ja anga da kaina na zauna a gaba na naɗe hannu. Na ce a raina to bismilla, gwani, ga kogi ga ka.

Mil na farko ya yi shi lafiya. Yana sauraron ruwa, yana juya kai hagu da dama, ya kauce wa duwatsu biyu da ko ni ban lura da su da wuri ba. Har na fara tunanin ko ni ce na cika tsoro, ko duk surutun nan nawa na banza ne. Sai muka fara jin Maƙogwaro.

A nan kogin yana matsewa tsakanin gaɓa biyu ya zuba da gudu. Tun da nake, ta hagu ake bi, kusa da gaɓa, don dama duwatsu ne. Arvid ya saita hancin kwalekwale hagu kamar kullum. Ni da ke gaba na hango abin da ambaliya ta bari: itace guda, ƙato, ruwa ya saɓule masa ɓawo ya bar shi toka-toka, ya kwanta daga gaɓar hagu ya tare hanyar, rabinsa a nutse. Ruwa yana shiga ƙarƙashinsa. Duk wanda ya girma a nan ya san abin da irin wannan itace yake yi wa kwalekwale, ya kife shi ya danne mutanen ciki a ƙasa.

Na jira. Na ce zai gani. Yana tsakiyar gabansa, daidai inda idonsa ya mutu. Na damƙe bakin kwalekwale, ina kallon itacen yana girma, ina jiran in ji filafili ya juya. Arvid yana tuƙi hankali kwance, har yana gyara zama.

"Dama! Arvid, dama! Itace!"

Ya ja da duk ƙarfinsa. Hancin ya kauce, gindin bai kauce ba. Muka bugu da ƙarar da na ji har cikin haƙorana, filafilin hagu ya maƙale a reshe ya karye, kwalekwalen ya kishingiɗa ruwa ya kwararo ciki. Na faɗi ƙasa, kaina ya daki akwati. Na ga sama, na ga itacen a kaina, sai ruwa ya fizge mu ya juya mu, muka fita da baya muna karo da duwatsu har muka faɗa ruwa mai kwanciya.

Na tashi zaune cikin ruwa zuwa ƙugu, jini yana bin girata. Risho ya tafi, raga ta tafi. Arvid yana riƙe da guntun filafili.

"Na gan shi," ya ce.

Na ɗauki bokiti na fara kwarfe ruwa.

"Na ce miki na gan shi. Zan juya ke nan kika yi ihu."

Ina kwarfa ina tunanin wa da ƙanen nan na Tacoma da ban taɓa gani ba. Jibi su za su zauna inda nake zaune, sun ba kogi baya suna ɗaukar hoto, sun amince da sunan Arvid Koskela. Ko ina cikin kwalekwalen, ranar da na sunkuya ɗaukar cokali fa? Yau kofi kawai na tsaya dafawa. Shekara ɗaya da rabi ina ɗaukar abin da nake yi ƙauna ce, ban taɓa tambayar kaina ran mutum nawa na ɗora a kan surutuna ba. Tsoro ya kama ni a lokacin fiye da wanda na ji a ƙarƙashin itacen.

Ya zaro filafilin ajiya ya saka, muka ƙarasa mafita.

A mafita Corinne tana tsaye da allonta na rubutu, ta ja hula har kunne. Mace ce mai kusan shekara arba'in, kuma Arvid ne ya koya mata jifan igiya, don haka har yau in ta gan shi sai ta gyara tsayuwa. Merle Hutchins yana gefe yana ɗora kwalekwalensa a tirela, baƙinsa biyu suna shan taba. Merle yana cikin waɗanda dokar sakin kifi ta ɓata tsakaninsu da Arvid, suna gaisawa ne kawai don gari ƙarami ne.

"Lorna, me ya sami goshinki?" in ji Corinne. "Ku ma itacen Maƙogwaro ne? Tun safe nake gaya wa mutane su bi dama."

"Mun gaisa da shi," in ji Arvid. Ya buɗe akwati ya ɗauko kifin, ya taka har bayan motarta ya shimfiɗa shi. "Rubuta, Corinne. 'Yar kogi ce. Ni na kashe ta."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Sai ta sunkuya ta ga yankan, dariyar ta ɗauke.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni. Na so in wuce da ita a 'yar kiwo, na fasa a hanya."

Merle ya saki igiyar da yake ja ya matso. Ya leƙa kifin, ya leƙa Arvid, ya tura hularsa baya.

"Kai? Kai da ka hana mu sakat shekara ashirin? Kai da ka kira ni ɓarawo a gaban jama'a a ɗakin taro?" Ya tofar da yawu gefe. "Ashe wa'azin na rana ne. To sau nawa ka yi ba ka fasa a hanya ba, malam mai tsarki?"

Arvid ya tsaya ƙyam, haɓa a sama. Corinne tana kallonsa kamar an mare ta, alƙalami a hannu ta kasa rubutu.

"Arvid," ta ce a hankali, "ka san abin da wannan yake nufi? Kuskure daban, yanka daban. In na rubuta haka…"

"Rubuta."

Na san abin da ya roƙe ni. Na san in na buɗe baki na rufe masa kogin nan har abada, kuma wataƙila ba zai yafe mini ba. Na taka na tsaya kusa da motar.

"Ƙarya yake yi, Corinne. Ni na yanke, ga wuƙar. Bai san tana da fiffike ba lokacin da ya buge ta."

"Lorna," in ji Arvid.

"Bai gani ba. Ba ya gani. Shekara ɗaya da rabi ke nan, ni nake faɗa masa inda duwatsu suke. Itacen Maƙogwaro ma bai gan shi ba sai da na yi ihu, kuma jibi yana da baƙi biyu."

Na faɗe shi da ƙarfi, har baƙin Merle suka juyo. Merle ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya rasa inda zai sa ido, daga baya ya koma wajen tirelarsa yana ɗaure abin da ya riga ya ɗaure. Da ya ci gaba da zagi ma da ya fi wa Arvid sauƙi, na ga haka a fuskarsa.

"Gaskiya ne?" Corinne ta tambaye shi.

Ya ce, "Matata ba ta ƙarya." Ya ɗan tsaya. "Sai dai da wuƙa."

Corinne ta goge hanci da bayan safar hannu, ta auna kifin, ta ɗebi ɓawonsa a 'yar ambulan, ta yi rubutu mai tsawo. Ta ce dole ta kai rahoton mu biyun, ba ta san abin da za a yanke ba. Ta ce in yana so za ta nemo wanda zai ɗauki baƙin Asabar. Ya ce ta ba Merle, ya san ruwan.

Sannan ta miƙa masa allon da alƙalami ya sa hannu. Ya karɓa ya kawo shi kusa da fuska, ya karkata kai, ya nisanta shi, bakin alƙalamin yana yawo a kan takardar. Hannuna ya tafi da kansa zai nuna masa layin.

Ya janye allon daga gare ni.

"Bari, Lorna," ya ce, bai ko juyo ba. "Corinne za ta nuna mini."